Shatar Mota Daga Gwallameji Zuwa Bakin Teku

Gwallameji unguwa ce a gefen birnin Bauchi, a kan hanyar da ta nufi Dass. A nan ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya take, saboda haka unguwar cike take da ɗalibai daga sassa daban-daban na Nijeriya. Idan aka kammala jarrabawa aka ba da hutu, waɗanda gidajensu suke a biranen bakin teku, kamar Legas da Fatakwal da Kalaba, sukan fara shirin doguwar tafiya. Mafi yawansu sukan je tasha, kowa ya biya kuɗin kujerarsa, a jira mota ta cika. Wasu kuwa sukan haɗu su biyar ko su shida su ɗauki shata.

Shata kalmar aro ce daga Turanci, amma ta daɗe da zama 'yar gida. Ma'anarta ita ce a yi hayar mota sukutum, ita da direbanta, domin tafiya guda. Wanda ya ɗauki shata shi ne yake yanke lokacin tashi da wuraren tsayawa. Direba zai zo har ƙofar gida ya kwashi kaya, kuma ba shi da ikon ƙara fasinja a hanya. Wannan ya sa magidanta masu tafiya da iyali, da masu rakiyar amarya, da masu kai marar lafiya asibiti suka fi son ta.

Abin da yakan ba sabon matafiyi mamaki shi ne tsadarta. Yakan lissafa kujerun motar, ya ninka da kuɗin kujera ɗaya, ya zaci ya gama lissafi. Direba kuwa ba haka yake kallon al'amarin ba. Daga Bauchi zuwa Legas ya fi kilomita 1,000, kuma duk nisan da mota ta je sai ta dawo. Idan direba bai da tabbacin samun lodi a can, dole ya sa man dawowa a cikin farashi. Ga kuɗin ƙungiyar direbobi, ga rabon ɗan kamashon da ya haɗa cinikin, ga abincinsa da makwancinsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mai ya zama abu na farko da direba yake ambata in an zauna ciniki.

Shi cinikin ma yana da ladabinsa. Direba zai faɗi kuɗi, matafiyi ya taya. In tayin bai yi ba, direba ya ce, "Albarka, Alhaji," ko "A ƙara dai, Hajiya." In an daidaita, sai a ba da kafin alƙalami, wato wani kaso na kuɗin da zai sha mai da shi, ragowar kuma sai an sauka lafiya. A ganina, wanda ya biya kuɗi duka tun kafin a tashi ya yi ganganci, domin ya saki igiyar da yake riƙe da ita.

Hanyar kanta darasi ce. Daga Bauchi mota takan hau tudun Jos, inda iska take da sanyi, sannan ta gangara ta Hawan Kibo, wurin da direbobi suke matuƙar taka-tsantsan saboda gangara da kwanoni. A Akwanga ne hanya take rabuwa. Mai zuwa Fatakwal zai yi kudu ta Lafiya, ya ƙetare kogin Binuwai a Makurɗi, ya bi ta Inugu da Aba. Mai zuwa Legas kuwa zai bi ta Keffi da Abuja, ya ƙetare kogin Kwara kafin ya shiga Lakwaja, garin da manyan kogunan biyu suka haɗu. Daga nan sai Okene, sai ƙasar Yarbawa, sai Ibadan. Matafiyi mai lura zai ga yadda ciyawa da kuka suke ɓacewa, bishiyoyin kwakwar manja da kurmi suna maye gurbinsu.

Ba kullum tafiyar take zuwa yadda aka tsara ba. A shekarar 2012, da kuma 2022, ambaliya ta shafe hanyar Abuja zuwa Lakwaja a wajen Koton Ƙarfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Wanda ya ɗauki shata a irin wannan lokaci zai fuskanci tambayar da ba a yi ta a gida ba: wa zai biya kuɗin ƙarin kwana da na zagaye? Shi ya sa masu hankali suke warware irin waɗannan batutuwa tun mota ba ta tashi ba.

Batu mafi nauyi shi ne na dare. Direba ɗaya ba zai yi wannan tafiya a zama guda ba tare da gajiya ba, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin jama'a game da tafiyar dare. A motar tasha fasinja ba shi da ta cewa. A shata kuwa yana da ikon ya ce a yada zango a Lakwaja ko Akure, a ci gaba da asuba. Haka kuma, gara a ɗauki motar da aka san ta a tasha, a rubuta lambarta da sunayen matafiya, a bar wa wani a gida.

Saura wurin sauka. Legas ba wuri ɗaya ba ce. Direba yana iya ɗauka cewa aikinsa ya ƙare a Ojota, alhali matafiyi Badagiri ya nufa, can bakin teku kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, kuma tsakanin wuraren biyu cunkoso kan cinye sa'o'i. Don haka a ambaci sunan unguwa da na titi tun a Gwallameji, a gaban shaida.