Kafson Kemis Ba Ya Hana Ƙanjamau

Na gaji da jin wata magana a majalisun samari, har da wasu magidanta: wai in mutum ya sadu da wadda bai yarda da lafiyarta ba, sai ya garzaya kemis ya haɗiyi Ampiclox biyu, ya wanke gabansa da ruwan gishiri ko lemun tsami, shi ke nan ya tsira. Wa ya faɗa muku haka?

Ampiclox da 'yan uwansa ƙwayoyin bakteriya suke kashewa. Ƙwayar ƙanjamau kuwa bairas ce, ko kwali guda ka shanye ba abin da zai same ta. Wankin ma ɓarna yake ƙarawa, domin gishiri da tsami suna cin fatar wurin, su buɗe wa ƙwayar hanya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, akwai maganin gaskiya, amma lokacinsa ake ƙonawa a wannan shirme. Sunansa PEP. Ana fara shan sa cikin awa 72 da saduwar, kuma gara a yau da gobe, a ci gaba kullum har kwana 28. Ana samun sa a asibitocin gwamnati da ke kula da masu cutar. Wanda kwaroron roba ya fashe masa, da wadda aka yi wa fyaɗe, duk su aka tanadar wa. Amma sai kunya ta zaunar da mutum a ɗaki har kwana uku su wuce. Zina haramun ce, kowa ya sani, sai dai tuba ba ta hana zuwa asibiti, kuma ma'aikacin lafiya ba alƙali ba ne.

Daga nan sai zullumi. Mutum ya kwana yana laluben kaluluwa a wuya, yana bincike a waya, ɗan zazzaɓi kaɗan ya ce ta faru ta ƙare. Zazzaɓi da ciwon maƙogwaro kan zo wa wasu makonni biyu zuwa huɗu bayan kamuwa, amma maleriya da mura ma haka suke yi, wasu kuma ba sa jin komai tsawon shekaru. Ba kowace saduwa ce ke sa cutar ba, ko da abokin saduwar yana ɗauke da ita, ko da yake gyambon ciwon sanyi yana ƙara haɗarin. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ne ke da ita.

Gwaji ne kaɗai ke raba gardama, shi ma da lokacinsa. Wanda aka yi washegari halin da kake ciki tun kafin saduwar yake nunawa. Gwajin tsinin yatsa garkuwar da jiki ya samar yake nema, ita kuwa tana iya ɗaukar har kwana 90 kafin ta bayyana. Don haka a yi na farko nan take, a maimaita bayan mako shida, a rufe da na wata uku. Kafin nan, mai iyali ya ji tsoron Allah ya yi amfani da kwaroron roba ko ya ƙaurace wa shimfiɗa, kada baiwar Allah ta kwashi abin da ba ta ji ba ba ta gani ba. In kuma sakamakon ya nuna akwai cutar, a fara magani ba jinkiri; wanda ya riƙe shi har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa.