Magudanar labarai ta intanet da makomar haruffa masu lanƙwasa

A shekarar 1999 kamfanin Netscape ya fito da tsarin da ake kira RSS, domin shafinsa ya riƙa tattaro kanun labarai daga kafofi dabam-dabam. Sigar RSS 2.0 ta biyo baya a 2002, sannan tsarin Atom a 2005. A nan mun kira abin "magudanar labarai", don kuwa aikinsa ke nan: kafar labarai takan ajiye wata takarda da aka tsara da XML, ɗauke da kanu, taƙaitaccen bayani, kwanan wata da adireshin kowane labari, shafi mai tattarawa kuma ya ɗebo, ya shirya, ya nuna wa mai karatu.

Shafin ba ya komawa tushe duk lokacin da wani ya buɗe shi. Yakan adana kwafi a abin da muka ga ya dace a kira "rumbun wucin gadi". RSS 2.0 ya tanadi wurin da kafa za ta faɗi mintocin da kwafin zai yi kafin a sabunta shi. In lokacin ya cika, shafin ya tambayi tushe ko an canza wani abu; in ba a canza ba, sai a amsa masa da lamba 304, ya ci gaba da na rumbu. Wannan yana rage kashe kuɗi da jira, musamman inda layin sadarwa ba shi da ƙarfi.

Inda abin ya shafi masanin harshe shi ne wajen nunawa. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba su cikin tsohon jadawalin ISO 8859-1 da aka yi wa harsunan yammacin Turai. Unicode ne ya ba su gurbi, kuma a tsarin UTF-8 kowannensu yana cin bayit 2. Idan shafi ya karanta UTF-8 da jadawalin Windows-1252, ƙ zai fito Æ™, ɗ kuma É—. Haka nan idan ya datse taƙaitaccen bayani da ƙirgen bayit maimakon ƙirgen haruffa, yana iya raba harafi biyu, ya bar alamar da ba ta karantuwa. Wannan ɓarnar aƙalla ido yana ganinta. Wadda ta fi ta illa ita ce shafin da ke sauke lanƙwasa shiru, har "baƙi" ya koma "baki", "ƙafa" ta koma "kafa". Gogaggen mai karatu zai gane daga zubin jimla. Ɗan ajin yaƙi da jahilci kuwa, da aka koya masa bambancin k da ƙ jiya-jiya, shi ake rikitawa. Ga kuma ƴ da ƙa'idar rubutun Nijar ta riƙe, alhali a Najeriya 'y aka fi rubutawa: kwamfuta ba ta san "ƴan" da "'yan" kalma ɗaya ba ce sai an gaya mata.

Rumbun yana ƙara nasa. Ko edita ya gyara kuskure a tushe, tsohon kwafin ne zai ci gaba da fitowa har wa'adinsa ya ƙare. Mai bincike da ke tara matani daga magudana don ƙirga kalmomi ya kamata ya ɗebo daga tushe kai tsaye, ya rubuta ranar ɗiba, ya kuma duba lambar shaidar da ke tare da kowane labari, domin labarin da aka gyara yana iya shigowa sau biyu ya ɓata lissafi.