Katantanwa da tsargiya: darasi daga ƙasar Yuganda

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa ya san katantanwa. Akwai ta tudu, wadda ke fitowa cikin ciyawa da damina, akwai kuma ta ruwa. Ta tudu ba ta kawo tsargiya. Waɗansu ƙanana na cikin ruwa su ne mafakar cutar.

Ga yadda abin yake. Idan mai tsargiya ya yi fitsari ko bayan gida a tabki, ƙwayayen tsutsar da ke jikinsa sai su ƙyanƙyashe. Ƴaƴan su shiga cikin katantanwa, su hayayyafa har makwanni kaɗan, sannan su fito cikin ruwa. Duk wanda ya shiga wanka, wanki ko kamun kifi, sai su huda fatarsa. Ke nan sanin inda katantanwar take, shi ne sanin inda haɗarin yake.

Amma masana kaɗan ne, tabkuna kuwa da yawa. Saboda haka a shekarar 2020, a yankin tabkin Alba na ƙasar Yuganda, masu bincike na jami'ar Mbarara da abokan aikinsu na Beljiyam suka horar da mutanen karkara 25. Aka ba su salula, safar hannu, takalman roba da abin kwasa. Kowane mako mutum ya je mashayar da aka ba shi, ya kwaso katantanwa, ya rarraba su iri-iri, ya ƙirga, ya ɗauki hoto ya aika. Da aka gwada aikinsu da na masani, sai aka tarar galibi sun dace wajen gano wuraren da katantanwar take.

Mu ma a Nijar tsargiya tana addabar yara, musamman a bakin kogin Isa da wuraren noman rani. Tun 2004 ake rabon maganinta, amma wanda ya sha ya koma cikin ruwan nan, yana iya sake kamuwa.

Wanda ya koyi karatu da rubutu yana da abin yi. Ka samu littafi, ka rubuta sunan tabki, da rana, da inda ka ga katantanwa. Kada ka taɓa ta da hannu tsirara. Ka sanar da likita da maigari. A hana yara fitsari cikin ruwa, wanda ya ga jini a fitsarinsa kuwa a kai shi gidan likita ba da jinkiri ba.