Wane esansi ya dace da ƙaramin inji?

A Dakoro, mai moto ko injin ban ruwa wuri biyu yake sayen esansi: gidan mai, ko wurin ƴan ruwa-ruwa masu kwalabe a bakin hanya. Gidajen mai suna samun esansi daga matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011. Na kwalba kuwa, babu mai auna abin da ke cikinsa.

A wasu ƙasashe ana gauraya esansi da etanol. Dangin barasa ne, da masara ko rake ake yin shi. A Amurka, cikin lita 10 na mai, lita 1 etanol ne. Sabuwar mota ba ta damu ba. Ƙaramin inji shi ke shan wahala.

Ga dalili. Etanol yana jan laima daga iska. In mai ya daɗe a tanki, ruwa da etanol sai su kwanta ƙasa. To, daga ƙasa inji ke zuƙar mai. Tanki ya yi tsatsa, karburata ta toshe, tiyon roba ya lalace. Injin da aka ajiye da mai duk damina, ranar da lambu ke son ruwa sai ya ƙi tashi.

Abin ya taɓa faruwa kusa. A farkon 2022, an shigo da mai Najeriya wanda metanol, ɗan'uwan etanol, ya yi masa yawa. Motoci sun lalace, hukuma ta janye man daga kasuwa. Ga iyaka nan kudu da Maraɗi.

Gwaji ba wuya. A samu farar kwalba mai murfi. A zuba ruwa kamar kaurin yatsa biyu, a sa alama inda ya tsaya. A ƙara esansi har kusa da wuya, a rufe, a girgiza, a ajiye minti 10. In ruwa ya tsaya kan alama, babu etanol. In ya haura, man gauraye ne. A yi gwajin a fili, nesa da wuta da taba.

Ƙaramin inji tsantsar esansi yake so, ko da ya fi tsada. In gauraye kaɗai aka samu, a sayi na aikin ranar. In za a ajiye inji, a juye tanki, a tayar da shi har ya mutu da kansa.