Laka da ciyawa, siminti da ƙarfe: abin da mai gina shago ya kamata ya sani

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu kwaɓa ƙasar gini ya ga suna zuba ciyawa ko ƙaiƙayi a ciki. Laka ita kaɗai in ta bushe tsagewa take yi, ciyawa kuwa ba ta ɗaukar nauyi. Amma in an gama su sai tubali ya yi ƙwari. Wannan hikima ta kakanni ita ce tushen wani darasi da ɗalibai masu karatun injiniya suke yi, wato ilimin kayan haɗi: abu biyu da ake gamawa, kowane ya rufe wa ɗan'uwansa asiri.

Haka kankare yake. Yana jure danni ƙwarai, amma in ana jan sa, ƙarfinsa bai wuce kamar kashi 1 cikin 10 na wancan ba. Shi ya sa ake sa masa sandunan ƙarfe. Wani Bafaranshe mai aikin lambu, Joseph Monier, ya yi rajistar wannan dabara a 1867, da tukwanen shuka ya fara. An kuma yi dace, ƙarfe da kankare kusan miƙewa ɗaya suke yi in rana ta yi zafi, don haka ba su rabuwa.

To, Alhaji da Hajiya, ga inda zancen ya shafe ku. Yawan ƙarfe kaɗai bai isa ba, sai an sa shi inda ya dace. Kankaren da ke bisa ƙofar shago, in nauyi ya hau shi, samansa ne ke matsewa, ƙasansa na miƙewa. Ke nan babban ƙarfe a ƙasa ake son shi. Rumfar kankare da ta fito waje babu ginshiƙi kuwa, samanta ne ke miƙewa, sai ƙarfen ya koma sama. In ma'aikata suka tattake shi ya nutse ƙasa lokacin zuba kankare, rumfar na iya karyewa ranar da aka cire katakon da ya tallabe ta, alhali ƙarƙashinta ne masu ciniki ke tsayawa.

Kuma dole kankare ya lulluɓe ƙarfen da kaurin kamar santimita 2 zuwa 3. In ba haka ba ruwan damina zai kai gare shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa ginin.

Saboda haka ranar zuba kankare ku bar wa yaro jiran shago, ku je ku gani da idonku. Ku tambayi magini ina ƙarfen yake, me ya sa aka sa shi nan. Da zarar an zuba, ba mai sake ganin sa.