Filin Da Ke Tsakanin Bariki Da Gari

Sa'ad da muka fita gwajin koyarwa, ina ba 'yan aji shida darasin kiwon lafiya a kan sauro, sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, don me aka bar wannan babban fili fayau tsakanin garinmu da tsohuwar unguwar Turawa?" Na ce masa filin wasa ne. Amsar nan ba ta gamsar da ni ba, na je na bincika.

Asalin abin daga Saliyo yake. A 1897 wani likita Bature, Ronald Ross, ya gane sauro ne ke kawo zazzaɓi. Sa'an nan waɗansu likitoci da aka aiko Afirka ta Yamma suka duba jinin yara, suka iske da yawansu suna ɗauke da ƙwayar cutar. Maimakon su ce a yi wa yaran magani, sai suka ba da shawara Turawa su nisance su. Aka gina musu unguwa bisa dutse a bayan Firitawun, har da jirgin ƙasa na kai su ofis, a 1904.

A ƙasarmu Gwamna Lugga ya sa abin cikin doka a 1917, watau a bar yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta baƙaƙe. Filayen nan ne daga baya waɗansu suka zama na sukuwa da ƙwallon doki.

To, sauro bai san yadi ba. Kuma kuku da boyi a bayan gidan Bature suke kwana. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, famfo da magudanar ruwa da gidan sauro da kwini suka taru a gefe guda, can gari kuwa kududdufai suna nan, yara suna ta mutuwa.

Ba dukan Turawa suka yarda ba. Gwamnan Ikko, MacGregor, wanda shi ma likita ne, ya ƙi wariyar, ya sa aka haƙa magudana don janye ruwan fadama, aka riƙa ba mutanen gari kwini.

Ran Litinin na koma ajin, na kira yaron nan, na ce masa amsar da na ba shi ba daidai ba ce.