Gudun Kwamfuta da Zafin Maraɗi: A Duba Doki Kafin a Saki Linzami

Duk wanda ya taɓa zama a shagon masu haɗa bidiyon biki a Maraɗi da azahar ɗin watan Afrilu ya san wannan ƙarar. Fankar cikin kwamfuta ta ɗauki kuka kamar injin niƙa, aiki ya tsaya cik, mai biki kuma yana bakin ƙofa yana cewa, "Malam, ba yau muka yi da kai ba?" A nan ne yaron shago zai matso ya ce, "Maigida, a ƙara mata gudu mana. Na ga yadda ake yi a YouTube."

Abin da yaron ke nufi shi ne obakulokin, wato tilasta wa firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta yi gudun da ya wuce wanda kamfani ya yanka mata. Dabara ce ta gaskiya, tana kuma aiki. Sai dai masu koyar da ita galibi suna zaune ne a ɗakuna masu sanyi, wutarsu ba ta ƙyaftawa. Kafin a kwaikwaye su a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, ya kamata a san abin da ake taɓawa.

Daga ina gudun yake zuwa?

Firosesa tana aiki da bugu, kamar zuciya. Gigahaz 1 bugu biliyan ɗaya ne a daƙiƙa. Lamba biyu ke haifar da wannan gudu: bugun tushe, wanda a yawancin injunan yau megahaz 100 ne, da lambar ninki. Idan ninkin 36 ne, gudu ya zama gigahaz 3.6. Aka ɗaga shi zuwa 42 a cikin BIOS, wato shafin saitin inji, ya zama 4.2.

Me ya sa ake samun wannan rara? Ko da daga faranti ɗaya na silikon aka yanko firosesa, ba sa fitowa daidai, kamar ƴaƴan gero a zangarniya. Kamfani yakan sa gudun da ya tabbata kowace za ta jure, sai masu ƙwarin cikinsu su rage da sauran ƙarfi. A 1998 Intel ta fitar da Celeron 300A mai araha, mai gudun megahaz 300. Masu bincike suka gano cewa idan aka ɗaga bugun tushenta daga 66 zuwa 100, sai ta kai 450, ta yi kafaɗa da kafaɗa da Pentium II mai tsada. Talaka ya hau dokin sarki da kuɗin jaki, sana'ar ta yi suna.

Yau har gasa ake yi. A watan Disambar 2022 aka kai Core i9-13900K sama da gigahaz 9, karo na farko a tarihi, amma da ruwan iskar hiliyam aka sanyaya ta, wanda ya fi ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifili sanyi. Wannan sukuwar hawan salla ce, ba tafiyar fatake ba.

Kuɗin gudu zafi ne

Sau da yawa firosesa ba ta yarda ta ƙara sauri sai an ƙara mata ƙarfin wuta, wato bolti, zafi kuwa ninkin-ba-ninki yake bin ƙarfin wutar. Ƙarin kashi 10 cikin 100 na bolti yana jawo ƙarin zafi kashi 21. Idan aka haɗa da ƙarin gudu na kashi 10, zafin ya haura da kusan kashi ɗaya cikin uku. Yawancin firesosin Intel idan sun kusa digiri 100 da kansu suke rage gudu don kada su ƙone.

A nan shagunan Maraɗi suka bambanta da ɗakuna masu sanyi. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take hurawa. Misali, injin da ke aiki a digiri 75 cikin ɗaki mai digiri 22, idan aka kawo shi shago mai rufin kwano da ya kai 42, zai doshi 95 ba tare da an taɓa komai ba. A Afrilu da Mayu zafin garinmu yakan wuce digiri 40. Kafin bazara kuma hunturu ya riga ya cusa ƙura a ƙarfen shanye zafi har ta yi kamar auduga. Kwamfutoci da yawa a shagunanmu ba su kai ma gudun da aka rubuta a jikinsu ba. Ƙara wa irinsu wuta bulala ce ga dokin da ƙishirwa ta kama.

Sai maganar lantarki. Kaso mai yawa na wutar Maraɗi daga Nijeriya yake shigowa ta layin Katsina zuwa Gazawa. Kowa ya tuna yadda aka katse ta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, ba ta dawo ba sai a Maris 2024. Shaguna suka koma kan janareto da sola. Injin da aka kai iyakar ƙarfinsa ya fi cin wuta, ya fi saurin shanye batir, kuma ba ya yafe wutar da ke hawa da sauka. Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga sharrin yawan bolti ba: a 2024 Intel ta amsa cewa shi ke lalata wasu firesosinta na zubi na 13 da 14, har ta ƙara musu garanti na shekara biyu.

Darasi daga Jiratawa

Manomin rani a fadamar Jiratawa ya san cewa ƙarfin famfo ba ya amfani idan magudana ta yi ƙunci. Haka ram, ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi, take ga firosesa: ta nan bayanai ke kwararo mata. Sau da yawa firosesa ba gazawa ta yi ba, jira take.

Gyara na farko shi ne buɗe magudana biyu. Sandar ram guda mai giga 16 hanya ɗaya take bi, amma sanda biyu masu giga 8, iri ɗaya, a ramukan da suka dace, suna ninka faɗin hanyar. Injin da ba shi da katin hoto na daban ya fi kowa cin wannan riba.

Na biyu shi ne XMP, tsarin sakar wa ram gudun da aka rubuta mata, da Intel ta kawo a 2007, wanda AMD ta yi wa kishiya mai suna EXPO a 2022. Mutum zai sayi DDR4 da aka rubuta wa 3200, ya sa, ta riƙa tafiya a 2133 ko 2400, ma'aunin hukumar JEDEC, don ba a kunna XMP a BIOS ba. Manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, za ta nuna gaskiya cikin minti ɗaya.

Kada kuma babbar lamba ta ruɗi mai saye. Akwai lambar jinkiri, CL. Ram mai 3200 da CL16 tana amsa kira cikin nanodaƙiƙa 10, mai 3600 da CL18 ma 10 ɗin ce.

Wace kwamfuta ce ke yarda?

Mafi yawan injunan da ke kasuwarmu na hannu ne, Dell da HP da Lenovo da suka gama aikin ofis a Turai ko Amurka. Irin waɗannan BIOS ɗinsu a kulle yake, haka ma yawancin na tafi-da-gidanka. A ɓangaren Intel sai firosesa mai harafin K a kan madabod (babban allon cikin inji) mai harafin Z. Ryzen na AMD, tun fitowarsu a 2017, galibi a buɗe suke. Don haka ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke fama da manhajar zane, ko mai shagon buga takardu a Tsibirin Gobir, ribarsa tana wani wuri: a hure ƙura, a sake man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya, a ƙara sandar ram ta biyu, a maye tsohon faifai da sabon ma'ajiya mai sauri, wato SSD, a samo na'urar daidaita wuta, a ɗaga injin daga ƙasa inda iska ke ratsawa. Wasu ma rage bolti kaɗan suke yi, zafi ya sauka, gudu ya daina faɗuwa.

Wanda injinsa ya cancanta, kuma ya ƙudura, to ya kwafe ayyukansa tukuna, ya san cewa garanti na iya faɗuwa. Ya ɗaga ninki mataki ɗaya, ya gwada firosesa da manhajar Prime95, ya gwada ram da manhajar MemTest86 na sa'o'i, idonsa na kan ma'aunin zafi. Ram mai tangarɗa ba kullum take kashe inji ba. Wani lokaci shiru take lalata fayil, sai ranar miƙa aiki a ga ɓarna. Kuma ya yi gwajin da azahar a bazara, domin saitin da ya zauna lafiya a sanyin Janairu na iya tuɓurewa a Mayu.

Ina son ganin matasanmu suna buɗe BIOS ba tsoro, suna lissafin bolti da digiri, domin ta haka ake zama gwani. Fatana dai su yi lissafin da rana da ƙura da wutar garinsu. Sauri ya haifi nawa, in ji magabata. Mai bikin da ke tsaye a bakin ƙofa ba zai tambayi gigahaz nawa aka kai ba. Bidiyonsa yake so, cikakke, a ranar da aka yi alkawari.